Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Editocin Gidajen Rediyon Kano, Daga Wani Tela A Fanisau

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya ku da iyali da ma'aikata, da fatan aiki yana tafiya yadda ake so. Allah Ya ƙara basira, Ya tsare ku daga sharrin masu sharri.

Ni tela ne. Shagona yana Fanisau, a ƙaramar hukumar Ungogo, kuma a kan kantar da nake ajiye zare da alli akwai wata tsohuwar rediyo da na ɗaure murfin batirinta da ƙyallen atamfa. Tun in buɗe shago da hantsi har in rufe bayan isha'i ba ta yin shiru sai lokacin salla. Na san muryoyinku fiye da na wasu dangina. Na san mai gyaran murya sau biyu kafin ya fara karanta labarai, na san wadda take dariya tun kafin mai bugo waya ya gama magana. Saboda haka kada ku ɗauki wannan takarda ta maƙiyi ce. Ta abokin hira ce wanda ya shekara da shekaru yana saurare, yau ya ce bari shi ma ya tofa albarkacin bakinsa.

Ga abin da ya sa na ajiye almakashi na ɗauki biro.

Daminar da ta wuce, ruwa ya cinye mana wata mahaɗa a unguwarmu, inda layuka uku suke haɗuwa. Ruwan sababbin gidajen da aka gina ta sama duk nan yake gangarowa ya kwanta. In an kwana ana ruwa, da safe 'yan makaranta sai sun tuɓe takalma sun naɗe wando kafin su tsallake, ƙananan kuwa yayyensu ne ke goya su. Wata dattijuwa mai ƙosai ta zame a wurin da ƙullunta a ka, ta yi mako biyu ba ta fito ba. Da muka gaji da jira sai muka zauna a ƙofar masallaci bayan magariba, aka yanke karo-karo don gina kwalbati a wurin. Mai buhun siminti ya kawo, mai rodi biyu ya kawo, wani direban tifa ya zubo mana yashi sahu guda bai karɓi komai ba sai na mai. Wani magini ɗan unguwa ya ce aikin hannunsa sadaka ne ga mahaifiyarsa da ta rasu. Asabar uku a jere muka yi muna gayya. Mata suna aiko da kunun tsamiya a bokitin fenti da ɗanwake a manyan robobi, yara suna jigilar ruwa, su kuma samarin da kullum ake kira 'yan zaman kashe wando, su suka fi kowa daɗewa da shebur a hannu.

Ni aka ɗora wa kiran 'yan jarida, da yake ni ne magatakardan kwamitin. Na kira ɗaya daga cikin tashoshinku. Ba zan faɗi wacce ba, don ba tonon silili ne ya kawo ni ba. Wanda ya ɗauka ya saurare ni cikin ladabi, sannan ya ce, "To Malam, akwai wani babban mutum da zai halarta?" Na ce babu, sai mai unguwa. Ya ɗan yi shiru, ya ce, "To yaya maganar kuɗin mai?" Na ce abin da ke hannunmu na siminti ne, kuma ƙidayayye ne. Ya ce zai duba ya kira ni. Har yau yana dubawa.

Mako biyu da bushewar kwalbatin, wasu samari suka kaure da faɗa a gidan kallon ƙwallo, a kan wasan da ake bugawa can Ingila, ɗaya ya fasa wa ɗaya goshi. Kafin la'asar ɗin washegari na ji labarin a tasha uku, har da ƙarin gishiri, wai rikicin 'yan daba ya ɓarke a yankin Ungogo. Ranar ba wanda ya nemi kuɗin mai. Wanda aka fasa wa goshin yana cikin waɗanda suka kwaɓa mana siminti, wanda ya fasa masa shi ma haka, kuma a kan kwalbatin da suka gina aka zaunar da su aka sasanta su. Wannan ƙarshen ban ji shi a ko'ina ba.

Ban ce kada ku faɗi labarin faɗa ba. Ya faru, kuma aikinku ne. Amma mutumin Ɗorayi ko Tarauni da bai taɓa taka Fanisau ba, in abin da yake ji game da mu ke nan, me zai ɗauke mu? Ni a iya saurarena, hanya uku ce ke shigar da sunan garin nan ɗakin labaranku: ko an zub da jini, ko ɗan siyasa ya zo yanka kyalle, ko kuwa ranar Hawan Fanisau.

Hawan kam ba mu raina shi ba, alfaharinmu ne. Ranar da Sarki ya fito da dawakai ya nufo gidansa na nan, garin cika yake har ba masaka tsinke, mu teloli ma mukan kwana muna ɗinki saboda ita. Mun yi murna da hukumar UNESCO ta saka hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya da ya kamata a adana, a watan Disambar 2024. Sai dai hawa yini ɗaya ne. A 2020 da korona ta hana a hau, kusan shekarar ta wuce ban ji an ambaci garin ba, kamar ba doki ba Fanisau. Dawakai suna juyawa da yamma, masu kyamara suna bin su, a bar mu da ƙura da kashin doki da sauran kwanakin shekara.

Kafin ku ce telan nan ya cika son garinsu, ku bari in tuna muku inda kuke wucewa. Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846, shi ya mai da Fanisau ribaɗi, wato sansanin tsaron birni, ya yi gida a nan, lokacin da yake fama da Ɗan Tunku da ke matsa wa Kano ta arewa. Baturen nan Kyaftin Kilafaton da ya iso Kano a 1824, sai da ya fito bayan ganuwa ya zo nan ya gana da Sarki. Wato an yi zamanin da mai neman labarin Kano nan yake tahowa. Bayan an ajiye kwari da baka garin ya zama na gandayen sarauta, waɗanda bayi suka noma, tarihin da ba kowa ke son a tayar ba, ko da yake yau zuriyar mai gandu da ta wanda ya noma gandu sahu ɗaya muke salla. Yanzu kuma ga filin jirgin Malam Aminu Kano a gefenmu, ga yankin ciniki maras shinge na gwamnatin tarayya da ke garin nan. A allunansu Panisau suke rubutawa, mu kuwa a baki Fanisau muka tashi muna faɗa. Duk wanda kuka zaɓa mun yarda, ku dai riƙa ambata.

Babban labarin garin nan ba ya faruwa a rana ɗaya, shi ya sa kuke kuskure shi. A hankali yake tafiya, kamar gara a azara. Sunansa awon igiya.

Na tsaya na ga yadda aka yi da gonar da ke maƙwabtaka da ta marigayi mahaifinmu. Mai gonar ya rasu, magada suka yi yawa, wasu suna son kuɗin aure, wasu jari, ɗaya yana son Adaidaita Sahu. Wata safiyar Lahadi sai ga dillalai uku da igiya da turaku da wani yaro yana turo bulo a baro. Aka ja igiya daga bakin kargo zuwa gindin kuka, aka kafa turke, aka dasa bulo a kowace kusurwa. Ƙafa 50 nan, ƙafa 50 can, inda ya rage a raba biyu a ce rabin fuloti. Da aka zo fitar da hanya na ji babban dillalin yana cewa, "Rage mata, ai mota ɗaya za ta wuce." Kowace ƙafar da aka bar wa hanya, a wurinsa la'ada ce ta zube. Ba wanda ya tambayi inda ruwa yake bi in an yi sama, alhali duk wanda ya taɓa noma gonar ya san akwai kwari a tsakiyarta. Ba a ware wurin makaranta ba, ba a ware na asibiti ba, maƙabarta kuwa ko zancenta ba a yi. Masallaci kawai aka bar wa kusurwa, shi ma don an san fuloti kusa da masallaci ya fi saurin fita. Kafin azahar an gama. Kukar da muka tashi muna tsinkar ganyenta aka sayar wa masu itace a mako na biyu.

Ruwan da ya cinye mana mahaɗa daga wannan kwarin yake zuwa. Kun ga ashe labarin kwalbatinmu tun ranar da aka ja igiyar ya fara, shekaru kafin tsohuwa ta zame. In da a lokacin wani wakilinku ya tsaya a bakin gonar da rakoda, ya tambayi dillali ina ruwa zai bi, ya tambayi mai unguwa da dagaci da wane sharaɗi suke sa hannu a takardar ciniki, ya wuce ya tambayi masu tsara birni ko suna da labari, wataƙila da an bar wa hanya ƙafa goma. Ban ce lallai ba. Amma na lura mutum yakan gyara zama in ya san za a ji shi a rediyo.

Kada ku ce ina zagin masu sayen fuloti. Ina za su? Hayar cikin gari ta gagari talaka, gidan gado ya yi wa zuriya kaɗan. Mutum ya tara 'yan kuɗinsa shekara goma, ya samu inda zai kafa ɗaki biyu ya rufa wa iyalinsa asiri, wa zai ga laifinsa? A ƙidayar 2006 an ce Ungogo tana da mutum 369,657, kuma tun daga nan ba a sake ƙidaya a ƙasar nan ba. Ku zo da asuba ku tsaya a bakin titi ku ga jerin Adaidaita Sahu da ke kwasar mutane zuwa Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari da Ƙofar Wambai, sannan ku faɗa mini ko wancan adadin yana da sauran ma'ana. Cikin ƙananan hukumomi 8 da ake lissafawa a ƙwaryar birnin Kano har da Ungogo da Kumbotso, amma mu mazauna gefe mun zama jemage, ba mu ga tsuntsu ba mu ga dabba. In ana shirin manoma sai a tsallake mu a tafi Kura da Bunkure, wai mu 'yan birni ne. In ana shirin matsalolin birni sai a tsaya a Fagge da Gwale, wai mu ƙauye ne. Abin da ke damunmu kuwa shi ke damun Rangaza da Gayawa da Bachirawa da Rijiyar Zaki, shi ke damun Panshekara da Mariri a ɗaya gefen.

Da can garin nan ba ya buƙatar rediyo kafin ya ji labarin kansa. Akwai sankira, akwai bakin rijiya, akwai dandali, akwai zaman ƙofar gidan dagaci. In an yi haihuwa da asuba, kafin hantsi goro ya zaga. In baƙo ya sauka, kafin ya sha ruwa an san daga inda ya fito. Yanzu maƙwabcinka na jikin katanga zai fita kafin gari ya waye ya dawo bayan isha'i, ya ja get ɗinsa ya rufe. A nan yake kwana, amma zuciyarsa da hirarsa da zumuncinsa suna unguwar da ya baro. Na taɓa zuwa karɓar kuɗin 'yan sintiri a wani gida, mai gidan ya shekara huɗu a layin bai san sunan mai unguwa ba. Ba girman kai ba ne, ba wanda ya taɓa haɗa su. An yi jana'iza a bayan gidansa bai ji ba sai bayan sadakar uku, ya zo yana ta ba da haƙuri, kunya kamar ta kashe shi.

Abin da ya rage mana shi ne lasifikar masallaci. Ita ce gidan rediyonmu, ladan ne editanmu. Shi ke sanar da rasuwa da lokacin jana'iza, shi ke cigiyar akuya, shi ke faɗin ranar allurar rigakafi da ranar da za a zauna kan kuɗin gyaran taransifoma. Kwanaki wata yarinya 'yar shekara uku ta biyo masu tallan alewa ta ɓace, aka kawo ta shagona tana ta kuka, ba ta san sunan babanta ba sai "Abba". Ladan ya faɗa sau uku: ja ce, da kitson kalaba, da takalmi ƙafa ɗaya. Ba wanda ya zo. Sai bayan magariba aka gane gidansu yana can sababbin gine-gine, inda muryar lasifikarmu ba ta kaiwa, su ma suna can nasu ladanin yana ta cigiya. Masallatai biyu, tsakaninsu bai fi tafiyar minti ashirin ba, kowanne yana shela, ba mai jin wani. Uwar ta yini tana suma. Da na tambayi mahaifin wace tasha yake ji a shagonsa, sai ta zama ita ce a kunne a nawa shagon duk yinin ranar.

Wannan ne ya sa na ce da ku zan yi magana ba da wani ba. Tsohon ɗan gari da baƙon da ya tare bara, mai gidan ƙasa da mai gidan bene, matar kulle da direban tifa, ba abin da ya haɗa kunnuwansu kamar ku.

Inda kuka bar gurbi kuwa, WhatsApp ya shige. Kowace unguwa da zaurenta, wasu ma biyu don an yi rigima an rabu. Yana da amfani, ba na musu, ta nan muke tara kuɗin makara da likkafani. Amma ta nan ne kuma ake turo muryar wata mata da ba a san ko wace ce ba, tana rantsuwa an ga masu satar yara a mota baƙa, a haɗa da bidiyon da ya shekara biyar yana yawo, wanda ma ba a ƙasar nan aka ɗauka ba. Ranar iyaye ba sa barin yara su je Islamiyya, kuma duk baƙon da ya tsaya tambayar hanya yana cikin hatsari. Wa zai fito ya ce mun bincika, ƙarya ne? Mai unguwa in ya faɗa, mutum 30 ne za su ji. Ku in kun faɗa, magana ta mutu.

Da nake rubuta wannan, mai ɗakina ta leƙo ta ce in dai zan rubuta to in sa nasu, don mu maza mun ɗauka labarin gari shi ne kwalbati da taransifoma. Ta ce a tambayi mata ƙarfe nawa suke fita in za su awo don su samu layi, da abin da mai naƙuda take yi in abin ya zo mata da tsakar dare a layin da mota ba ta shiga. A tambaye su nawa kurar ruwa take cinye musu a mako in zafi ya tsananta, da yadda 'yan ga-ruwa suke ƙin shiga lungu mai yashi. Ta ce akwai matar da ta fara da adashi da injin markaɗe ɗaya, yanzu marayu huɗu take biya wa kuɗin makaranta, kuma akwai malamar da ta yi shekaru tana koyar da matan aure karatu a zaurenta ba ta karɓar ko kwabo, bana ɗalibanta suka yi sauka. Ta ce su ne suka fi kowa jin rediyo, tana kan taga suna wanke-wanke, amma sai dai a gaishe su a filin zaɓen waƙoƙi. Na rubuta kamar yadda ta faɗa.

Na san naku uzurin, don ni ma mai sana'a ne. Janareto ba ya shan fatan alheri. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, tura wakili bayan gari ya zama lissafi. Na san sojojin baka da masu tallan maganin gargajiya su ke biyan kuɗin fili, labarin gayya kuwa ba mai ɗaukar nauyinsa. Shi ma yaron da ya tambaye ni kuɗin mai, da na huce sai na ji tausayinsa, wa ya san rabonsa da albashi? Kuma ban manta alherinku ba. Mu da muka san lokacin da ba ka jin komai sai abin da gwamnati ta so, mun san abin da ya canja tun da Freedom Radio ta buɗe a 2003 sauran masu zaman kansu suka biyo baya. Shiri irin Inda Ranka ya nuna wa kowa cewa talaka zai iya kai kuka a ji, har a share masa hawaye. Don na ga kuna iyawa ne nake roƙon ƙari. Idan kana da kyau, ka ƙara da wanka.

Abin da nake nema ma ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a Zariya a 1939, wasiƙun masu karatu daga garuruwa suna cikin abin da ya sa mutane suka riƙe ta tasu. A shekarun 1950 har jaridun larduna aka yi, ta Kano sunanta Sodangi. Maƙwabtanmu na Nijar tun 1999 suka buɗe rediyon al'umma a Bankilare, daga nan abin ya bazu a ƙasar, ƙaramin gari da 'yar tasharsa mai aiki da hasken rana, ana cigiyar raƙumi ana faɗin farashin hatsi. Mu a Najeriya sai 2015 aka ba da lasisin irin wannan guda 17 a faɗin ƙasa. Kafin Allah Ya kawo ranar da Ungogo za ta samu tata, ku ne kuke riƙe mana amanar.

Ga wani wurin da shirunku ya fi yi mini ciwo. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Kun yi makonni kuna tattaunawa a kai, da lauyoyi da malaman jami'a. A watan Oktoban shekarar aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a Kano, kuka kawo mana sakamako. Daga nan fa? Ko ana aiki da hukuncin ko ba a yi, ai shi kansa labari ne, kuma ba a Abuja kaɗai ake neman amsarsa ba. Jihar nan ƙananan hukumomi 44 gare ta da mazaɓu 484, kowace mazaɓa da kansilanta. Ungogo kaɗai tana da 11. Zan iya lissafa muku ministoci goma da ka, saboda kullum kuna faɗar su, amma ku tare mutum goma a bakin shagona ku tambaye su yaushe majalisar kansiloli take zama da abin da ta tattauna, in kun samu ɗaya na yi muku ɗinkin Salla kyauta. Akwai dokar 'yancin samun bayanai tun 2011. Ni tela ban san yadda ake rubuta takardar ba, ku kun sani. Ku gayyato kansila ɗaya duk mako ku zaunar da shi, ku buɗe waya ga mutanen mazaɓarsa kaɗai. Wanda ya yi aiki ya faɗa a yaba masa, don akwai masu yi. Wanda bai yi ba ya faɗi dalili, mai yiwuwa shi ma bai ga kuɗin ba, mu ji daga bakinsa.

Ba na neman ku buɗe ofis a Fanisau. Minti 15 a mako ya isa a fara, fili na garuruwan gefen birni, wannan makon mu, na gaba Panshekara, na gaba Rangaza. Wakilai kuma ba sai kun ɗauko daga nesa ba. A layinmu kaɗai akwai yara biyu da suka karanta aikin jarida, ɗaya yana cajin waya ɗaya tana koyarwa a makarantar kuɗi, kowanne da waya mai ɗaukar murya a hannu. Ku koya musu ƙa'idarku, ku ba su ɗan abin sa kati, ku ja musu kunne kada su karɓi na goro a hannun kowa, ku kuma tace abin da suka aiko. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Masu ɗaukar nauyi ma ina jin ba za a rasa ba, don masu gidan bulo da masu sayar da kayan gini da masu makarantun kuɗi duk a irin garuruwanmu kasuwarsu take. Sai dai in dillalan filaye suka ce za su ɗauka, ku yi tunani sau biyu.

Abu ɗaya da zan roƙa da babbar murya shi ne komawa. In kun ba da labari, ku waiwaye shi bayan wata guda. An gyara? An kama wanda ake zargi ko an sake shi don ba shi da laifi? Sau da yawa kukan faɗi kamu ba ku faɗi saki ba, mutum ya dawo gida kotu ta wanke shi amma unguwa ba ta wanke shi ba, har neman aure ya gagare shi.

Mu ma da namu laifin, kada in yi ta nuna ku da yatsa. Muna da son rufa-rufa. In wakili ya zo, sai ka ji ana "kada a tona wa gari asiri", ko a tura shi wurin wanda zai ce komai lafiya lau. Wanda ya fi kowa ƙorafi a majalisa, da ya ga rakoda sai ya ce shi ba ya son magana, yana da ɗan'uwa a ƙaramar hukuma. Kuma ba ma tuna ku sai ranmu ya ɓaci. Na faɗa wa 'yan kwamitinmu haka, wasu ba su ji daɗi ba. Mun dai yi shawara, duk wakilin da ya zo za mu haɗa shi da wanda abin ya shafa, mace ko namiji, ba za mu zaɓa masa baki ba.

Yanzu maƙabarta ce a gabanmu. Gine-gine sun matso ta ta gabas, har wani ya fara zuba yashi a inda dattawa suka ce akwai tsofaffin kaburbura. An zauna da shi an fahimci juna, ya janye, Allah Ya saka masa. Mun yanke shawarar kewaye ta, an fara tara bulo, kuma in Allah Ya kai mu Asabar ta farkon wata za a haƙa tushe, tun bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi. Babu babban mutum da zai halarta, kuɗin mai kuma ba mu da shi, amma akwai kunu, kuma maginin nan ya ce zai sake zuwa. In wakilinku ya iso gari ya tambayi inda ake gayyar maƙabarta, kowane yaro zai kawo shi. Ya zo da takalmin da ba ya jin tausayinsa. In yana cikin ɗaukar magana ya ji jirgi ya taso, ya ɗan dakata, ba ya wuce minti ɗaya, mu mun saba.

Wassalam.

Naku mai saurare kullum,
Wani tela, magatakardan kwamitin unguwa,
Fanisau, ƙaramar hukumar Ungogo, Jihar Kano.